Kainuwar da Na Kawo wa Inna

Aikina duba-gari ne a ƙaramar hukumar Bukkuyum, kuma a wancan lokacin ina ji da aikin nan fiye da yadda ya kamata. Ni ne mai leƙa randunan mutane in ga ko akwai 'ya'yan sauro, ni ne mai tsayawa a mahauta in ce naman nan ba zai shiga kasuwa ba. Ina da farar riga mai aljihu biyu da biro uku a jere, biyu daga ciki ba sa rubutu. Ko ƙauyenmu na je gaida Inna, mahaifiyata, sai na ɗaga murfin randarta kafin in zauna. Ita kuwa ba ta kirana da komai sai Malam Duba-gari, kuma ba don girmamawa take faɗa ba.

Bayan shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Abare da wasu ƙauyukan wajen Anka, tsoro ya shiga kowane gida a yankinmu, har gidajen da ba a taɓa daka dutsen zinariya a cikinsu ba. A bayan gidan Inna akwai wani babban kududdufi, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Ba ya ƙafewa ko da bazara. A nan mata ke wanki, a nan agwagin Inna ke wuni. Sai aka tuna cewa wasu samari sun taɓa wanke ƙasar zinariya a gefensa na 'yan kwanaki. Tun daga ranar Inna ta daina wanki a wurin, ta kulle agwaginta a akurki suna ta kuka, ita ma ta rame. Duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni ko ruwan nan zai gyaru, ni kuma sai in gyara murya in ce ana bincike.

A shekarun nan an yi ta kai mu bita. A ɗaya daga cikinsu wani malami ya nuna mana hoton wata ciyawar ruwa mai fure, ya ce saiwarta na tsotse irin wannan guba daga cikin ruwa. Na tabbata ya yi dogon bayani bayan haka, domin na ga bakinsa na motsi, har ya ɗaga yatsa yana kaɗawa. Amma a daidai lokacin aka fara shigo da kulolin shinkafa, hankalina ya tafi can. Abin da na fito da shi daga ɗakin bitar ke nan: akwai ciyawa mai shanye guba.

Ƙarshen damina na je ɗaurin auren wani abokin aiki a Yawuri. Bayan an shafa fatiha muka gangara bakin Kwara kallon ruwa, sai ga ta nan, ciyawar hoton, ta cika gaɓa iyakar ganina. Ganyenta kore shar yana sheƙi, kararta ta kumbura daga ƙasa kamar ƙaramar gora, furenta shuɗi-shuɗi mai ratsin rawaya. Na tsuguna na tambayi wani mai kwalekwale ko zan iya ɗibar kaɗan. Ya dube ni, ya dubi farar rigata, ya ce, "Malam, in kana so ka kwashe ta duka, har jirgi sai in ara maka." Na yi masa godiya sosai. Har na ce wa abokaina mutanen Yawuri akwai karamci. Na sayi bokiti na zuba gindi biyar, na rungume shi a cinyata a cikin mota, ruwa na fallatso mini har Bukkuyum.

Inna ta san kainuwa, kowa ma ya sani. Tamu ta gida ƙarama ce, ganyenta a buɗe kamar tafin hannu, tana yawo a bisa ruwa ba ta damun kowa. A wajenmu in ta sauka a tafki murna ake yi, don tana sanyaya ruwa, kuma ba mai cire ta. Kainuwa dashen Allah ce, wa zai tuge abin da bai dasa ba? Da na ajiye bokitin a gabanta na ce wannan yayar waccan ce, kuma tana shanye gubar dalma, sai Inna ta kai hannu ta shafa ganyen. Ta ɗauki bokitin da kanta, ta ƙi bari in taya ta, ta je bakin kududdufi ta yi bisimilla ta saki gindin ɗaya bayan ɗaya. A duk shekarun aikina, ranar ce ta farko da na ga Inna ta yi alfahari da bokona. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Kafin a gama girbin dawa ta rufe kusurwa guda. Kafin sanyi ya wuce ta cinye rabin ruwan, ga fure ko'ina, mata na zuwa daga unguwanni kallo. Inna ta saki agwaginta. Na lura ba sa samun wurin iyo sai wani ɗan lungu, na kuma lura sauro ya yi yawa a gidan a lokacin da bai kamata a ga sauro ba. Ni da ke cin tarar mutane a kan kaskon ruwan kaji, na ga wannan na kau da kai. Na ce wa kaina aiki take yi, shi ya sa take ƙiba.

Da bazara ta kama sai ga Kawu, ƙanen Inna, ya zo gaishe ta. Masunci ne a wajen Gummi. Akwai wani tafki a fadamarsu wanda Gulbin Zamfara ke cikawa duk damina, kuma gidansu ne ke riƙe da shi tun kakanni. Shi ke rufe shi bayan ruwa ya janye don kifi ya girma, shi ke sa ranar da za a buɗe a yi su, gari duka ya shiga. Da kifin tafkin nan ya ciyar da gidansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Mutum ne mai yawan barkwanci, bai taɓa ganina bai tsokane ni ba. Ranar ma ya fara, yana tambaya ko na duba tsabtar gemunsa, sai Inna ta ja shi bayan gida ta nuna masa abin alfaharinta.

Ina biye da su ina murmushi. Kawu ya tsaya cak. Ya sunkuya ya ciro gindi ɗaya, ya ɗaga shi sama, baƙar saiwar na ɗigar ruwa.

"Wa yak kawo abin ga nan?"

Inna ta ce, "Ɗanka na. Tun dag Yawuri yaɗ ɗauko mani shi. Shina shanye guba."

Kawu ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Kai yaro, ka san mi kak kawo?"

Na fara bayanin bita, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya yi ci-rani shekaru a Yawuri yana su, ya ga abin da ciyawar nan ke yi da idonsa. Tana rufe ruwa har jirgi ya kasa wucewa. Ba a jefa birgi a kanta, ba a jan taru a ƙarƙashinta. Kifi na mutuwa a ƙasa saboda ba iska, ruwa na wari, shanu ba sa samun mashaya. Ya ce ya san masuntan da suka sayar da jiragensu suka koma dako a tasha. Sannan ya nuna mini da yatsa inda kududdufin ke ɓallewa duk tsakiyar damina ya zuba a ƙorama. Ƙoramar na faɗawa gulbi, gulbin kuma shi ke cika tafkinsa.

"Gindi guda ya isa," in ji shi. "In gindi guda ya shiga tafkin nan, ni na gama su, ɗiyana ma sun gama. Ba a hidda ta in ta shiga."

Na tuna mai kwalekwalen da ya ce zai ara mini jirgi, sai a lokacin na gane dariya yake yi mini. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, an faɗa, amma ban taɓa zaton da ni ake ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, ko da bai zubar ba tukuna.

Washegari muka kira gayya. Mai unguwa ya sa aka yi shela, maza suka fito da manjagara da kwanduna da tsohon tarun da Kawu ya aika aka kawo. Na tuɓe farar rigar na shiga ruwa har wuya. Wanda bai taɓa ɗaga ciyawar nan ba ba zai yarda da nauyinta ba, kwando guda sai mutum biyu. Kwana uku muna ja muna kaiwa kan fako nesa da ruwa, muna bazawa a rana. Matsattsaku suka sha jinina, mutanen da na taɓa ci tara suka sha dariya. Wani mahauci ya tsaya a bakin gaɓa yana tambaya ko ya kawo mini takarda in rubuta wa kaina sammaci. Yana da gaskiya, na ci gaba da ja. Da ciyawar ta bushe muka cinna mata wuta. Kawu ya gargaɗe ni cewa irinta na kwanciya a laka shekaru, kuma haka aka yi, damina huɗu ina zuwa ina tsince ƙananan da ke tsirowa kafin su daina.

Duk kwanakin nan Inna ba ta leƙo ba. Ranar da aka ƙone, bayan la'asar, muna zaune da Kawu a tsakar gida muna shan fura, na fara jin numfashina na dawowa. Inna na tsinkar zogale ba ta dube mu ba, ta ce, "To, na wajen mutane hwa?"

Kawu ya ajiye ludayi. "Waɗanne mutane?"

"Waɗanda nib ba mana. Abu mai kyau ya shigo gidana, in hana 'yan'uwa?"

Ashe duk macen da ta zo kallo ta yaba, Inna sai ta ɗebo mata gindi ɗaya ko biyu a kwano. An yi suna a gidanmu a cikin watannin, an yi biki a maƙwabta, baƙi sun zo daga nesa, kowa ta koma da rabonta. Na ɗauko littafi da biron da ke rubutu na ce ta faɗa mini su duka, zan bi su gida-gida in karɓo.

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "Kai za ka shiga gidajen matan mutane ka amshe kyautar da nib bayar da hannuna? Ina da rai?" Ta ce ita ta bayar, ita za ta je ta amso, kunyar tata ce. A wajenmu mutum ya bi kyautarsa ya ce a dawo masa da ita, ba ƙaramin abu ba ne, ana iya shekara ana zancen. Ta kwana biyu tana ƙulla daddawa da kuka a ƙananan ƙunshi, don kada ta shiga gidan kowa ta fito da abu ba ta ajiye wani ba.

Haka muka fara yawo, ni a gaban babur, Inna a baya ta riƙe rigata da hannu ɗaya, buhu a ɗaya hannun. Lokacin hanyoyinmu ba su kai lalacewar da suka yi daga baya ba, mutum na iya ratsa daji da uwarsa ba fargaba. Na zana layuka a littafina, wa ta ba wa, waccan kuma ta ba wa. Kafin kwana biyu shafin ya rikice har ni na kasa karantawa. Inna ba ta buƙaci shafi ba. Tana tuna wadda ta zo, da zanen da ta ɗauro, da kwanon da aka zuba mata a ciki, har da waɗanda ba su dawo da kwanon ba.

Na cikin gari ba su ba mu wuya ba. Wasu awaki sun cinye musu, wasu ta bushe a kasko. Wata tsohuwa ta dafa nata ta sha don ciwon gwiwa, ta ce kuma ta ji sauƙi. A Nasarawa Burkullu, gidan ƙanwar Inna, muka same ta cike da rabin duro, an kewaye ta da ƙaya don kada awaki su taɓa. Ita kuma ta ba wasu mata biyu. Ɗaya daga cikinsu ta gaji da ɗiban ruwa ta juye nata a ramin masu yin tubali, inda ta riga ta rufe faɗin tabarma goma. Wuni guda na yi a ramin nan da masu tubalin, Inna na zaune a inuwar gawo tana ba da umarni, tana nuna mini ganyen da na bari.

Akwai gida ɗaya a wajen Anka da har yau ba na son tunawa. Matar gidan 'yar ƙawar Inna ce, kuma ta rasa ɗa a shekarar gubar. Ta sa ciyawar a wata kwatarniya a tsakar gida, kusa da inda ƙananan yaranta ke wasa, kullum tana ƙara mata ruwa. Da Inna ta yi mata bayani, ba ta yi musu ba. Ta leƙo zaure inda nake ta ce, "To Malam, in ba ita, mi za ya shanye gubar?" Na gaya mata gaskiya, cewa kankare ƙasar gidan da aka yi aka zuba sabuwa shi ne maganin, da hana daka dutse a cikin gida, kuma ko ciyawar ta tsotsi wani abu yana nan a jikinta, akuya ta ci ya koma cikin akuya. Ta ɗaga kai. Ta juye kwatarniyar a buhunmu da kanta. A hanyar komawa na ji na tsani kaina.

Rana ta tara aka yi yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi. Na duba littafi na ce wa Inna mun gama, ba sauran kowa. Ta daɗe tana kallon buhun kafin ta ce saura ɗaya. Ta bar ta ƙarshe ne don tana tsoron faɗa.

Akwai wata Bafulatana mai kawo wa Inna nono, sun fi shekara ashirin tare. Duk kaka rugarsu na sauka a gonakinmu shanu su ci kara, ita ta kawo kindirmo da man shanu, Inna ta auna mata gero. Ta girme ni da kaɗan, Inna na ce mata ɗiyata. Ranar da za su tashi ta zo sallama, Inna ta cika mata ƙwarya da ciyawar, ta ce in sun sauka ta jefa a mashayar shanunsu, ruwan zai yi sanyi ya yi tsabta.

Na ce, "Ina suka nufa?"

Inna ta ce, "Wajen Gummi. Ta ce mani bakin tafki za su yi rani."

Ban tambayi wane tafki ba. A fadamar nan tafkin da ke riƙe ruwa har bazara ya ishi garke ɗaya ne tak. Wata huɗu ke nan da tashinsu. Na ga abin da gindi biyar suka yi a wata huɗu a bayan gidanmu. Kawu kuwa bai shiga tafkin ba tun da ya rufe shi, kuma tafkin dogo ne, mashayar Fulani na can ɗaya ƙarshen, bayan duhuwar ciyayi, inda ba a hangowa daga wajen gari.

Da sassafe muka kama hanyar Gummi. Mun iske Kawu a ƙofar gida yana ɗinkin koma, don saura kwana huɗu a buɗe su, an riga an yi shela a kasuwa. Inna ce ta faɗa masa, a tsaye, ba ta ko zauna ba. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Ya naɗe komar a hankali ya jingine, ya sa takalmi, ya ce mu je.

Babur ba ya shiga wurin, a ƙasa muka tafi. Kawu a gaba, ni a tsakiya, Inna a baya da sandarta, ta ƙi yarda a bar ta a gida. Muna bin gaɓa, kowa idonsa a kan ruwa. Duk koren da na hango sai gabana ya faɗi. A wani lungu na ga ganye mai sheƙi ya rufe ruwa, na yi salati da ƙarfi. Kawu ko tsayawa bai yi ba, ya ce, "Bado na, wuce." Mun yi tafiyar da ta fi awa guda a haka. Rana ta ɗaga, Inna na haki, na ce ta huta ta ce in rufe mata baki.

Muka fito mashaya. Sawun shanu ya dame laka, ruwan ya yi jaja-jaja a bakin gaɓa. Kawu ya shiga har gwiwa yana buɗa ciyayi da hannu, ya yi dama ya yi hagu. Bai ga komai ba, amma hakan bai kwantar mana da hankali ba, don iska na iya tura ta ko'ina a cikin duhuwar. Sai mun ji daga bakin wadda aka ba.

Bukkokinsu na kan wani ɗan tudu. Muka yi sallama, karnuka suka amsa kafin mutane. Bafulatanar ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu, da ta ga Inna ta saki baki, ta durƙusa tana gaisuwa, tana tambayar ko lafiya, wa ya rasu. Aka shimfiɗa mana tabarma, ta kawo nono. Ba wanda ya taɓa. A al'ada sai an gama tambayar shanu da yara da gajiya kafin a shiga magana, Inna kuwa ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kawu kuwa sai waiwayen tafki yake yi.

Can Inna ta ce, "Ɗiyata, abin kunya yak kawo ni. Kainuwar nan da nib ba ki ranar da kunka tashi, ina kinka sa ta?"

Matar ta sunkuyar da kai, ta fara wasa da bakin zanenta. Na ji kamar in tashi in girgiza ta.

Kawu ya ce, "Hwaɗi gaskiya, ba mai ganin laihinki. Wane gehe kinka jefa ta?"

Ta ce, ba ta ɗago ba, "Inna, ki yahe mani. Ban sa ta ruwa ba."

"Ina take?"

"Na ƙone ta. Tun ranar. Da munka wuce tsamiyar bayan garinku, inda ba ki hango mu, na juye ta bisa dutse. Da munka yi zango na koma da maraice na kwashe na sa wuta, har ƙwaryar na wanke da toka." Ta ɗan ɗago ta dubi Kawu. "Na san ta. Ina ƙarama munka yi rani bakin Kwara. Ta ci mashayarmu, saniyar babana ta hwaɗa ciki ba ta hito ba. Shi yas sa munka bar can."

Kawu ya ce, "Duka? Ba ko gindi guda?"

"Ko ganye guda."

Kawu ya fitar da wani dogon numfashi, ya zame daga tabarmar ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Kafaɗunsa na motsi, ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ni kuwa wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba, kafin ranar ko bayanta.

Inna ce kawai ba ta saki fuska ba. Ta ce, "Kin san ta, kin gan ta ta cika mani bayan gida, kinka yi shiru? Mi yah hana ki hwaɗa mani?"

Matar ta saci kallona ta mayar da kai ƙasa. Ta ce, "Inna, sau ukku kinka ce mani ɗanki yak kawo maki ita tun dag Yawuri, bisa cinyatai. Shekara ashirin ina zuwa gidanki, ban taɓa ganin kin yi murna awa ranar ba. Da wane baki za ni hwaɗi?"

Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta. Kawu ya miƙe, ya gangara bakin tafki, muna ganinsa ya tsuguna yana alwala da ruwan, a hankali, kamar mai gudun kada ya ƙare. Ni ban iya duban kowa ba. Na jawo ƙwaryar nonon da ke gabana na kafa kai, ban sauke ba sai da na ga ƙasanta.